Littafin Kango: Yadda Nake Lallaɓa Gidan Haya na Farko a Kano

11 ga Janairu, 2025

Yau na sayi littafi mai bango mai tauri a Sabon Gari don in riƙa rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita a wannan harka. Na san halina. Idan ban rubuta ba, nan da wata shida zan ba kaina labarin da ya fi yi mini daɗi.

Ni ma'aikacin albashi ne, ban gaji fili ba, ban taɓa sayen ko taku ɗaya na ƙasa ba. Abin da ke hannuna naira miliyan 7.2 ne, tarin shekara shida, sai tsohuwar motata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin nan suke narkewa ina kallo. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Duk wanda na yi wa zancen a majalisarmu amsarsa ɗaya: "Sayi fili, Malam. Fili ba ya cin abinci, ba ya ciwo." Ni kuma abin da nake so wuri ne da zai riƙa kawo ɗan abu duk shekara, ba wanda zan kewaye da bulo in zuba masa ido ba.

25 ga Janairu

Asabar biyu ke nan ina bayan babur ɗin wani dillali. Mun zaga Gaida, Sheka, Rijiyar Zaki, Rimin Gata, har Langel. Darasin farko: kafin ka tambayi kuɗin wuri, tambayi awon waye. Akwai awon gwamnati, mai taswira da lamba da tituna a tsare, akwai kuma awon igiya, inda mai gona ya yanka gonarsa fegi-fegi ya sayar, lungu ya fito yadda Allah ya so. Fili mai faɗi ɗaya a unguwa ɗaya, na awon gwamnati yana iya ninka na igiya a kuɗi. Da farko na ɗauka tsadar banza ce. Daga baya na gane takarda ce kake saya, ƙasar ƙari ce.

Gidan da ya fi burge ni yana Gaida: ɗaki uku da falo, ga rijiya, ga tayil, an ce miliyan 24. Na tambayi nawa masu haya suke biya, aka ce miliyan ɗaya a shekara. Na ciro waya na raba. Kashi 4 da ɗan ɗoriya cikin ɗari, tun kafin a cire gyara. Wato shekara 24 kafin gidan ya mayar da kuɗinsa, idan famfo bai taɓa fashewa ba kuma ɗan haya bai taɓa cewa a yi masa haƙuri ba. Dillalin ya ga ina danne-danne ya ce, "Alhaji, ba a yi wa gida irin wannan lissafin." Na tambaye shi wane iri ake yi masa. Ya ce a dai saya, Allah zai sa albarka. Shi kam la'adarsa kashi 5 ce, a ranar ciniki yake karɓa.

8 ga Fabrairu

Wani abokin aikina ya daɗe yana yi mana alfahari da filin da ya saya miliyan 2.8 a 2021, yanzu an taya masa miliyan 7. A ido riba ce ninki biyu da rabi. Jiya da daddare na kasa barci, sai na auna abin da wani ma'auni. A 2021, lokacin da muka yi wa mahaifiyarmu gyaran ɗaki, buhun siminti wajen naira 3,800 muka saya. Wannan makon na tambaya an ce 9,800. Miliyan 2.8 a wancan lokacin buhu 737 ne. Miliyan 7 a yau buhu 714 ne.

Ashe filin bai ƙara masa komai ba, riƙe masa dukiyarsa ya yi. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne, don ni da na bar nawa a banki rabinsu ma ban tsira da shi ba. Amma tsira daban, riba daban. Daga yau duk wurin da aka nuna mini, da buhun siminti zan auna shi. Ban gaya wa abokin nawa ba tukuna, mutum ne mai saurin fushi.

20 ga Fabrairu

Makon neman kuɗi. Miliyan 7 ba ta sayen abin da zai kawo haya a cikin birnin nan, dole a nemo ciko.

Bankunan da ke ba da bashi da ruwa ban ma tsaya a kansu ba. Ko ba don haramcin riba ba, lissafin ba ya tashi: Babban Bankin Najeriya ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa a kashi 27.5 tun Nuwamban bara, kuma bankunan kasuwanci a saman wannan suke ɗorawa. Wanda ya ci bashi a kan kashi 30 ya sayi gidan da ke kawo kashi 4, banki yake yi wa bauta.

Sai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki tun 2012, Kano na cikin wuraren da ya fara buɗe reshe, daga baya TAJ da Lotus suka biyo baya. Hanyoyinsu sanannu ne a fiƙihu: murabaha, banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, ijara, ya saya ya ba ka haya, sai haɗin gwiwar da kake sayen kason banki kaɗan-kaɗan har gida ya zama naka. Na zauna da jami'i a ɗaya daga cikin irin waɗannan bankuna, ya yi mini bayani tsakani da Allah. Abu biyu suka tsayar da ni. Suna son wuri mai takardar shaidar mallaka ta gwamna, kuma abin da zan riƙa biya duk wata ya fi ƙarfin albashina, balle hayar da gidan zai kawo. Halal ɗin ciniki bai sa ya yi araha ba, su ma a kasuwa ɗaya suke da kowa.

Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da dokar 1992, wanda ake cire mini kashi 2.5 na albashi dominsa tun ranar da na kama aiki. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya ne ke riƙe da shi, bashinsa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30. Babu mai sauƙinsa a ƙasar nan. Sai dai na gidan da mutum zai zauna a ciki ne, yana buƙatar cikakkiyar takarda, kuma kashi 6 ɗin ma ruwa ne.

Abin da ya rage mini shi ne abin da iyayenmu suka sani: sayar da mota, adashi, ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, da 'yan'uwa.

Af, wannan makon hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auninta, hauhawar farashi ta koma kashi 24 da wani abu. Mai kantin unguwarmu bai samu labari ba.

9 ga Maris

Azumi ya kai kwana tara, ni kuma na yi asarar farko: naira dubu 100.

Wani gida ne a cikin Dorayi, tsohon gini amma mai faɗi, an ce miliyan 12. Ya yi araha ƙwarai, kuma da na tsaya na yi tunani da na tuna ruwa ba ya tsami banza. Dillalin ya ce akwai wani Alhaji daga Kantin Kwari da zai zo da kuɗi gobe, idan ina so in ajiye kafin alƙalami. Na ajiye. Da na kai wa lauya kwafin takardun, tambayarsa ta farko ita ce mai gidan yana raye? Ya rasu shekara huɗu. Magada nawa? Na ce babban ɗansa ne ke sayarwa. Ya cire tabarau ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Magada tara ne. Ba a raba gadon a kotu ba, babu takardar da ta wakilta babban ɗan, kuma akwai 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari wadda ba a ko shaida mata ba. Lauyan ya ƙara mini da abin da ban taɓa kawowa a raina ba: a mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a, wato idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. Ka biya miliyoyi, ka yi gyara, wata rana sammaci ya iso.

Na janye. Kuɗin kafin alƙalamin an ce an riga an yi cefanen azumi da su, in yi haƙuri. Na yi. Na kuma sauya dillali.

12 ga Afrilu

Ina jin na samu. Kango ne a bayan Danbare, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa zuwa ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo. Fili ne ƙafa 50 a kan 50, an tayar da ɗakuna huɗu kowanne da banɗakinsa da ɗan wurin girki, an kai linta aka tsaya. Mai shi ɗan kasuwa ne da jari ya karye masa a 2023. Ciyawa ta bushe a ciki, yara sun mai da ɗaki ɗaya gidan tantabaru.

Na je da wani abokina injiniya, kuma kuɗin man da na zuba masa su ne mafi albarka a duk abin da na kashe zuwa yanzu. Bai ko kalli tsarin ɗakunan ba. Makullin mota ya ciro ya riƙa kankarar bulo. Inda makulli ya zame ya bar farin layi, ya gyaɗa kai. A bangon baya kuwa makullin nutsewa ya yi, yashi ya zubo kamar garin kwaki. Ya ce wannan layin an cuci siminti, buhun da ya kamata ya fitar da bulo talatin da 'yan kai an sa ya fitar da hamsin, sai an rushe sahu biyar an sake. Sannan ya sa wani yaro ya haƙa rami a gindin katanga har ya ga inda fandisho ya tsaya, ya zura hannu ya taɓa kankaren, ya ce wannan kam an yi shi da tsoron Allah. Ya fasa gefen ginshiƙi ɗaya ya ƙirga rodi. Ya ce ginin zai ɗauki rufin kwano lafiya, amma kada in yi mafarkin ɗora bene.

Daga nan ya ja ni lungu ya nuna mini katangar maƙwabta. Akwai wani layi mai duhu, kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Ya ce alamar ruwa ce. Na tambayi mai shayin bakin layi, ya ce ruwa yana ɗan taruwa amma yana wucewa. Na rubuta "ɗan taruwa" a littafin nan na ja layi a ƙarƙashi, na kuma ci gaba da son wurin.

Awon igiya ne. Takardunsa na ciniki ne, hannu uku ya bi daga mai gona, kowanne da sa hannun mai unguwa da shaidu. Lauya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tuna mini da dokar amfani da ƙasa ta 1978: ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, a cikin birni shi ke ba da haƙƙin mallaka, galibi na shekara 99, kuma ko wanda ke da takardar sai da amincewar gwamna yake sayarwa. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta kai wannan matsayin ba. Muka ɗauki mai safiyo ya ɗauki lambobin wurin, aka duba a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen jihar Kano, ko ya faɗa cikin wani shatin gwamnati, ko hanya, ko filin makaranta. Wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ba sai an yi masa wa'azi a kan wannan ba. Bincike ya fito babu komai a kansa.

Injiniya ya ƙiyasta miliyan 8.5 don a gama. Dillali ya ce ɗalibai suna biyan dubu 400 kowane ɗaki.

26 ga Afrilu

Mota ta tafi, miliyan 4.6. Na koma hawa adaidaita sahu, uwargida ta ce ko ba komai tumbina zai ragu.

Na je gidan Yayata, wadda ke sarin atamfa tana rabawa mata a gidaje. Tun ina buɗe littafi ta ce, "Auta, rufe wannan, nawa kake nema?" Na ce miliyan 5, amma ba rance ba, haɗin gwiwa. Ta ce tsakanina da kai har sai an yi rubutu? Na ce Yaya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ni da ke ba za mu dawwama ba, 'ya'yanmu ne za su zauna da abin. Ta yi shiru, sannan ta aika a kira mijinta.

Abin da muka rubuta: kowa kasonsa gwargwadon abin da ya zuba idan an gama aiki. Haya a raba a kan wannan kason bayan an cire gyara. Asara ma haka. Ina da damar sayen kasonta kaɗan-kaɗan, amma a kan darajar gidan ta ranar da zan saya, ba a kan miliyan 5 ɗin da ta ba ni ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe mijinta ne ya kawo shi, kuma gaskiyarsa ne, ko da yake ni zai ci. Tsarin da banki ya yi mini bayani ne muka kwaikwaya a tsakar gida, a kan tabarma, da shaidu biyu.

3 ga Mayu

An yi ciniki. Miliyan 13 ya nema, muka daidaita a 11.3. A ƙofar gidan mai unguwa aka zauna bayan la'asar. Ya sa aka kira maƙwabtan gabas da na arewa suka tsaya a kan iyaka, ya tambayi mai sayarwa sau uku ko akwai wanda ke bin sa wani haƙƙi a kan wurin, ko jingina ko gado. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a rubuta faɗin lungun ma." Ya dube ni ya ce wannan yaron an taɓa cizon sa. Aka rubuta. Ta banki na tura kuɗin a gaban kowa, aka yi addu'a, aka raba goro.

Abin da ba ya cikin farashi: la'ada dubu 400 bayan doguwar jayayya, lauya dubu 150, mai safiyo dubu 120, na goro da shaidu dubu 60. Jimla miliyan 12 da dubu 30. Saura miliyan 4.67 a hannuna.

24 ga Mayu

Wannan watan Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sabon sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci da ba ruwa a cikinta, na shekara bakwai, ladan haya kashi 19.75 a shekara. Tun 2017 suke fitar da shi ana gina tituna da kuɗin, malamai sun tantance shi, ban taɓa waiwayarsa ba sai yanzu da na riga na zuba kuɗina a kango.

Na yi lissafin da ya ɓata mini dare. Miliyan 20.5 da aikin nan zai ci, da sukuk na saya, miliyan 4 zai riƙa ba ni duk shekara, ba birkila, ba ɗan haya, ba yashe masai. Gidan kuwa ko a bakin dillali miliyan 1.6 ne.

Abin da ya sa ban yi kuka ba shi ne ma'aunin simintina. Bayan shekara bakwai sukuk zai mayar mini da miliyan 20.5 ɗin nan cif, lamba ɗaya, ko buhu nawa za ta iya saya a lokacin. Wanda ya ajiye miliyan 20 a 2018 ya san abin da ta koma. Ladan nan mai tsoka, kaso babba daga cikinsa diyyar narkewar uwar kuɗin ne, duk wanda ya cinye shi duka jarinsa yake ci. Gida kuwa haya tana tashi, ginin yana bin farashin siminti da rodi. Amma ba zan yaudari kaina ba: da yau zan fara, da na raba ƙafa. Gida ba ya sayuwa ranar da ka matsu, mai kangon nan shekara biyu ya yi yana neman mai saye.

21 ga Yuni

Aiki ya kankama bayan Babbar Sallah. An rushe bangon baya an sake. Rodi da kwano daga Kofar Ruwa, da kaina nake zuwa. Ƙungiyarmu ta wurin aiki ta saya mini katako da kwanon rufi na miliyan 2 ta sayar mini a kan 2.3, za a riƙa cira daga albashi wata 18. Kwasar adashina ta miliyan 1.2 tana zuwa watan gobe.

Na koyi ƙirga buhunan da aka zazzage kafin in biya kuɗin aikin yini. Ranar farko da na fara, buhu uku ba su da gawa. Ban yi faɗa ba, na dai ce daga yau a riƙa tara mini fankon buhu a ɗaki. Ba a sake ba.

16 ga Agusta

"Ɗan taruwa."

Ruwan daren Laraba ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da asuba mai gadi ya kira ni. Na tarar da lungun ya zama kogi, na naɗe wando har gwiwa na shiga. Ruwa ya haura dokin ƙofa ya kwanta a ɗakuna biyun gaba, buhun siminti goma sha ɗaya da ke ƙasa sun zama dutse, takalmin wani lebura yana yawo a tsakar gida. Na tsaya ina kallon layin nan mai duhu a katangar maƙwabta, ruwan ya tsaya daidai kansa, ko yatsa bai ƙara ba. Katangar ta gaya mini gaskiya tun Afrilu, na zaɓi in ji ta mai shayi.

Dalilin a fili yake. A awon igiya babu wanda ya bar wa ruwa hanya, kowa ya gina ya ɗaga ƙofarsa, wanda ya zo ƙarshe ko ya fi kwari shi ke karɓar na kowa. Injiniya ya ce a yi ciko a ɗaga daɓen gidan gaba ɗaya, sa'ar da aka yi ba a sa tayil ba kuma rufin yana da tsawo. Tifa bakwai ta jar ƙasa. Mai unguwa ya tara mu gida goma sha huɗu aka yi karo-karo don a ja lambatu zuwa babbar kwata, wasu sun biya, wasu sun ce sai an ga wata. Duka-duka ruwan nan ya ci mini dubu 900 da ba sa cikin kowane lissafi.

Da na jira damina kafin in saya, da ko dai na fasa, ko na rage wa mai shi miliyan guda.

27 ga Satumba

Kuɗi sun ƙare. An rufe gidan duka, an yi sokawe, an haƙa rijiya, an ja waya. Ɗakuna biyu sun kammala har fenti, biyu suna nan ba filasta ba tagogi, suna neman kamar miliyan 2.6. Wani ya ba ni shawarar in karɓi hayar shekara biyu a gaba in ƙarasa da ita. Na ƙi. Wanda ya karɓi ta shekara biyu ya sayar da ƙarin da zai yi baɗi, kuma ya ɗaure kansa da mutumin da bai san halinsa ba.

Babban Banki ya rage ma'aunin ruwa zuwa kashi 27 a wannan makon. Ba abin da ya shafe ni, na rubuta ne kawai.

1 ga Nuwamba

An shiga ɗakuna biyun. Dubu 400 ɗin dillali ta zama 320, don a layin da ke gabanmu an gama wasu sababbin ɗakuna masu sola da rijiyar burtsatse, ni kuwa guga ce da wutar kamfanin lantarki na KEDCO. Ɗalibai biyu ne 'yan ajin ƙarshe a ɗaki ɗaya, ɗayan kuma wani ma'aikacin asibiti ne sabon aure. Na fi murna da shi. Yajin aikin gargaɗin da malaman jami'o'i suka yi a watan jiya ya tuna mini da na 2022, wanda ya kai wata takwas, masu gidajen haya a nan suka wuni suna kallon ƙofofi a kulle. Sauran ɗakunan ma zan so in gauraya.

Kowa ya sa hannu a takardar haya: ranar shiga, ranar fita, wanda ke gyaran me, da yadda za a raba kuɗin wuta.

Ga lissafin gaskiya. Idan an gama komai, gidan zai tsaya a miliyan 22.8, har da ribar ƙungiya. Ɗaki huɗu a kan dubu 320, miliyan 1.28. Na ware kashi ɗaya cikin huɗu don gyara, yashe sokawe, fenti da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa. Saura dubu 960, wato kashi 4.2 cikin ɗari. Na koma shafin 25 ga Janairu na ga lambar da na raina a gidan Gaida. Bambancin dai nawa bayan an cire gyara ne, nasa kafin a cire. Wata goma, mota guda da takalma biyu, abin da suka saya mini ke nan.

Kason Yaya ya kama kashi 22. Na kai mata dubu 140 a ambulan, na ce wannan karon ban cire na gyara ba. Ta ƙirga ta ce, "Auta, miliyan biyar ce ta haifi wannan? Da turamen atamfa na saro ai da na juya su sau huɗu." Na ce haka ne, Yaya. Ta ce to Allah ya sa albarka, ta ciri dubu goma ta ce a saya wa yara alewa.

Na tambayi malaminmu na tsakanin magariba da lisha game da zakka. Ya ce gidan haya ba a fitar wa ginin kansa, sai kuɗin hayar idan sun haɗu da sauran dukiya sun kai nisabi shekara ta zagayo. Wanda kuwa ya sayi fili don ya jira farashi ya sayar, a Malikiyya ranar da ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya.

22 ga Nuwamba

Wani ya aiko dillali ya taya gidan miliyan 25 yadda yake. Na raba da farashin siminti na wannan makon, na kwatanta da abin da na zuba zuwa yanzu, miliyan 20 da ɗoriya. Akwai 'yar riba a takarda, amma a cire la'ada da kason Yaya da bashin ƙungiya, abin da zai rage ba zai saya mini irin wurin ba. Ban sayar ba.

Lauya ya haɗa takardun neman shaidar mallaka: takardun ciniki huɗu, taswirar mai safiyo, hotuna, shaidar biyan haraji. Ya ce a haɗa da daidaita ginin da hukumar tsara birane, KNUPDA, tunda mai shi na farko bai nemi izinin gini ba. Kuɗin wannan ma ba ya cikin miliyan 22.8, sai na buɗe masa sabon shafi. Shawarar da ke gabana ita ce wanne zan fara da kwasar adashin Fabrairu, takarda ko tagogin ɗakuna biyun. Ɗakunan idan an gama su za su kawo dubu 640 a shekara. Takarda ba ta kawo ko sisi, amma ita ce za ta sa banki ya kalli gidan, ita ce kuma za ta sa in daina faɗuwar gaba duk ranar da na ga jan fenti a katangar wani. Uwargida ta ce tagogi, lauya ya ce takarda.

Ma'aikacin asibitin ya kira ɗazu, famfon banɗakinsa yana ɗiga. Gobe bayan azahar zan je da mai gyara.